'Yar Fari da Masu Kwalekwale

Sana'ata motocin gwanjo ce. Ina sayen waɗanda suka yi haɗari, in kai su filina da ke Landover a nan Amurka, a gyara abin da zai gyaru, a loda su a jirgin ruwa a Baltimore su tafi Kwatano ko Legas. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina wannan aiki. Idan na zagaya mota sau ɗaya na shafa ƙofarta da tafin hannu, zan gaya maka inda aka buge ta da inda aka yi ciko aka rufe da fenti. Ban yi boko mai zurfi ba, amma ba a cika cutata a kan ƙarfe ba. Na faɗi wannan ne don a san cewa ni mutum ne mai lura, kuma duk da haka abin da ya lalace a cikin gidana sai da aka nuna mini shi da yatsa.

Wata Talata a watan Agusta 'yar farina ta kawo mini motarta fili. Saura mata sati uku ta tashi zuwa arewacin Ingila, inda wata jami'a ta ɗauke ta ta yi digiri na uku. Ta miƙo mini makulli ta ce in sayar ko in aika gida, duk wanda na ga dama. Da Turanci ta faɗa. Kusan duk abin da zan sa a bakinta a rubutun nan da Turanci ta faɗe shi, ni ne nake mayar da shi Hausa, don ba ta jin Hausa sai gaisuwa da sunayen abinci.

Na zagaya motar na ce, "Ke, wa ya buge miki bamban baya?"

Ta ce, "Dad, ba wanda ya isa ya ga wannan. An gyara tun bara."

"An dai shafa mata hoda."

Ranar ina da lodi, sai na ɗora motar a kan tirelar da nake ja da akori-kura. Tunda ba ta da abin komawa gida, na ce ta shiga mu je Baltimore tare, in mun dawo in sauke ta a gida a Largo. Shekarunta ashirin da shida a lokacin, kuma ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu kaɗai a mota na tsawon awa guda ba.

Dalili kuwa shi ne alkunya. A ƙauyenmu da ke ƙasar Katsina uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama ya yi hira da shi. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya rasu bai taɓa kiran sunana ba. In yana son aikena sai ya ce wa ƙanena, "Gaya wa wancan ya zo." Ban taɓa jin zafin abin ba ko sau ɗaya. Ina da kaka da take ɗora ni a cinya tana ce mini mijinta, ina da kawunnai, ina da matan gida guda nawa, da 'yan tsara, da kasuwar ranar Alhamis. Magana ta ishe ni har ta yi yawa. Shirun mahaifina a cikin wannan hayaniya girmamawa ce, kowa ya san haka, ni ma na sani.

Da aka haifa mini 'ya a nan, sai na yi yadda na ga an yi. Ban tsaya na yi tunani ba. Gidan haya ne mai ɗaki biyu, daga ni sai uwarta sai ita. Uwarta nas ce, awa goma sha biyu take yi a asibiti. Ranakun da take aiki, in ɗauko yarinya daga gidan reno, in ba ta abinci, in kunna mata talabijin, in zauna gefe ina waya da dillalan Kwatano. Ban taɓa barinta da yunwa ko ƙazanta ba. Amma maganata da ita ba ta wuce "ke, zo," "ke, bari," "ke, ci." Ta kai shekara biyu da rabi ba ta haɗa kalma biyu. Likitan yara ya ce wataƙila harsuna biyu ne suke rikita ta, mu tsaya a kan ɗaya tukuna. Uwarta ta tsorata ta koma yi mata Turanci. Cikin wata shida bakin yarinya ya buɗe, muka yi hamdala. Da ƙannenta maza biyu suka zo, su na yi musu Hausa, na yi wasa da su, na kira sunansu. Amma sun iske yayarsu ta riga ta kafa Turanci a tsakar gida, kuma yaro yayarsa yake bi. Suna ji, su amsa da Turanci.

Muna hawa babbar hanya muka iske cunkoso. Sai na ce mata, "Wannan karatun naki, me ake sayarwa a cikinsa?"

"Ba a sayar da komai."

"Shi ya sa sai an je Ingila."

Ta yi dariya. Ta ce tarihin harshen Turanci take karanta, musamman abin da wasu baƙi suka zuba a cikinsa. Ta ga ban kama ba, sai ta gyara zama ta ce, "To ka ɗauka Turanci mota ce aka kawo maka fili."

Na ce, "Yanzu kika yi magana."

Ta ce shasin motar daga masana'anta ɗaya ya fito da Jamusanci da harshen mutanen Holan, shi ya sa har yau kalmomin ruwa da gida da hannu suke kama da juna a cikin ukun. Amma ita wannan motar an buge ta sau biyu. Bugun farko, sama da shekara dubu da suka wuce, wasu mutane da ake kira Viking suka taso daga ƙasashen sanyi, inda Denmark da Norway suke a yau, cikin dogayen kwalekwale. Da farko fashi suke zuwa yi su koma. Daga baya suka ga ƙasar noma, suka zauna a arewa da gabashin Ingila. Bugu na biyu, wasu da ake kira Norman suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi, suka zama sarakuna da alƙalai, suka cika harshen da kalmomin Faransanci. Kalmomin kotu da mulki da abincin manya duk nasu ne. Ta ce Jamusanci bai sha irin wannan bugun ba, shi ya sa kayansa na asali suka fi yawa a jikinsa.

Na ce, "Ashe motar haɗi ce. Inji daban, ƙofofi daban."

"Amma ita ce ta fi kowace tafiya a kasuwa."

"Haka motocin haɗi suke. Wanda bai sani ba shi yake yabon fenti."

Na ji daɗin hirar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Sai na yi tambayar da kowane dillali zai yi, wato ina aka kai motar da aka ciro kayan daga jikinta. Na ce, "Su masu kwalekwalen, ina nasu harshen ya tafi?"

Ta ce waɗanda suka tsaya gida har yau jikokinsu suna yin nasu. Waɗanda suka zauna a Ingila kuwa ya ɓace a bakin zuriyarsu. Ba wanda ya hana su yi. Maza ne akasari, suka auri matan gari, uba yana gona ko kasuwa, yaro yana wajen uwa da maƙwabta. Abin da ya rage sai kalmomin da suka maƙale a cikin Turanci. Ta lissafo mini da yatsa: egg, knife, window, skin, sister, husband. Ƙwai da wuƙa da taga da fata, 'yar'uwa da miji. Ta ce ka ga duk kayan cikin gida ne, wannan ya nuna a ɗaki ɗaya ake kwana.

"Su Norman ɗin fa?"

Ta ce ai nan abin yake. Norman ɗin ma jikokin masu kwalekwale ne. Kakanninsu sun sauka a arewacin Faransa da ƙarfin takobi aka yanka musu ƙasa, kafin a je ko'ina jikoki sun koma Faransanci. Wani tsohon marubuci ya ce har sai da sarkinsu ya tura ɗansa wani gari ya koyo harshen kakanni, don a babban birninsu ya yi ƙaranci.

"Ya koyo?"

"An ce ya koyo. Bai hana komai ba."

Ni ma na yi irin wannan. Tana shekara goma sha biyu na tura ta Katsina hutun bazara wajen ƙanwata. 'Ya'yan ƙanwar tawa suka kewaye ta, kowa yana so ya ji Turancin Amurka ya gwada nasa. Ta dawo da lalle a hannu da zazzaɓin cizon sauro da "ina kwana."

Ta ci gaba. Ta ce da Faransancin aro suka ci Ingila, suka yi mulki da shi wajen shekara ɗari uku, sannan shi ma ya zube daga bakin jikokinsu suka koma Turanci. Mutane ɗaya, sun rasa harshe sau biyu.

Na ce, "Da sarauta a hannunsu?"

"Da sarauta da ƙasa da kotu da sojoji."

Na dubi hanya. Ni ko filin da nake ajiye motoci na haya ne.

Muka isa ma'ajiyar kamfanin da yake yi mini lodi. Aka sauke motar, muka shiga ofis. Matar da take karɓar takardu a bayan gilashi sabuwa ce, ba ta san ni ba. Tana kallon kwamfuta ta ce, "Sunan mai mota?" Na tura mata takardar mota ta ƙarƙashin gilashi. Ba ta ɗago ba, ta sake cewa, "Yallaɓai, sunan mai mota." Na sa yatsa na buga a kan layin da sunan yake. Ta ɗago ta dube ni kamar wanda bai iya karatu ba. Sai 'yata ta matso daga bayana ta faɗi sunanta, ta kuma jera mata haruffan ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar dawowa tirela ba kaya, tana ta ƙara a bayanmu. Mun yi nisa kafin ta ce, "Ko ga takarda ba za ka iya faɗa ba?"

Na ce, "Al'ada ce."

"Na sani. Mama ta gaya mini ina shekara sha biyar. Kafin nan na ɗauka namiji ka so aka haifa maka."

Ban taɓa jin magana ta doke ni kamar wannan ba. Na ce mata wallahi ranar da aka haife ta na fita wajen ajiye motoci na asibiti na yi kuka, don ba zan iya yi a gaban uwarta ba. Na ce a wajenmu wanda ka fi so shi kake ɓoyewa. Na ba ta labarin mahaifina da "gaya wa wancan ya zo."

Ta ce, "Kai wa yake kiran sunanka?"

"Kowa. Kakata, kawunnaina, duk gari."

"Ni fa?"

Ba ta faɗa da faɗa ba. Yadda ta yi mini bayanin masu kwalekwale, haka ta yi wannan tambayar. Na ɗauko al'adar gidan mutum arba'in na kawo ta gidan mutum uku, ban kawo sauran mutanen ba. Da bakanikena ne ya ɗaura wa mota abin da ba nata ba haka, da na kore shi a ranar.

Ni mutum ne da in na ga ɓarna sai in tambayi yadda za a gyara. Na ce, "Saura sati uku. Daga yau ba zan ƙara yi miki Turanci ba. Kullum ki biyo ni fili."

Ta ce, "Dad, harshe ba ya shiga a sati uku."

"Na taɓa tayar da motar da ta kwana a ruwa."

Ta yarda, ina jin don kada ta ɓata mini rai. Ta riƙa zuwa da ɗan littafi. Ina nuna mata abubuwa ina faɗa: taya, ƙofa, madubi, ƙarfe, rana, inuwa. Tana da kai, abin da ta rubuta yau gobe yana nan. Har takan gaya mini wace kalma ce muka aro daga Larabci, wacce daga Turanci, ta ce ashe Hausa ma motar haɗi ce. Bakanikena, wani dattijo mutumin Maraɗi, yakan tsokane ta ya ce, "Malama, yau me aka koyo? Ce 'ƙarfe' mu ji." Ta faɗa, ya riƙe ciki yana dariya ya ce, "Wannan ƙarfen na roba ne."

Amma ni ba sunan taya nake so ta sani ba. So nake in zauna da 'yata in gaya mata abu ɗaya na cikin raina da harshen da nake tunani da shi, ta gane ba tare da littafi ba. A sati na biyu na gwada. Muna zaune a ofishin fili, kwantena ce da na yanka wa taga, muna cin shinkafa da wake da uwarta ta ɗauro mana. Na buɗe baki, sai na rasa ta inda zan fara. Ina da Hausar ciniki, wadda zan yi awa biyu ina yi da mutumin Kwatano ban gaji ba. Ina da Hausar zolaya ta abokai, da ta gaisuwar mutuwa, da ta roƙon Allah. Hausar da uba yake yi wa 'yar farinsa kuwa ba ni da ita, don ban taɓa jin an yi ba. Ba wanda ya taɓa yi mini, ban kuma taɓa ganin an yi wa wani ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke, ci abinci."

Ta ce, "Wannan na sani."

Da Hausa ta faɗa, daidai, ba gargada. Sannan ta mayar da kai ga kwano.

Bayan wannan zuwanta fili ya ragu. Akwai biza, akwai sayayya, akwai ƙawaye da za a yi wa sallama. Ban matsa ba. Uwarta ta ce mini, "Alhaji, ka bar wahalar da kanka da ita. Abu ɗaya take so, kuma ka san shi. Kira sunanta kawai." Na ce zan kira. Na yi ta gwadawa ni kaɗai a mota, gilashi a rufe, a kan hanyar zuwa gwanjo. Ni na zaɓa mata sunan, ni na raɗa mata shi a kunne ranar da aka haife ta, sau ɗayan nan ke nan. A mota ni kaɗai yana fita lafiya lau.

Ranar tafiya muka kai ta filin jirgin Dulles da la'asar, mu duka biyar. Aka auna akwatuna. Ta rungumi ƙannenta, suna ta zolayarta wai za ta dawo tana magana kamar mai karanta labarai. Ta rungumi uwarta suka daɗe. Ta zo gabana ta ɗan rusuna yadda uwarta ta koya mata tun tana ƙarama, ta tsaya. Na san abin da take jira. Uwarta ma ta sani, tana kallona ta gefen ido. Sunan yana bakina, na ji harafin farko a kan harshena. Ga mutane ko'ina, ga 'ya'yana maza suna kallo, sai na ji kamar an ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Na ɗora hannu a kanta na ce, "Allah ya tsare. Allah ya ba da abin da aka je nema."

Ta ce, "Amin, Baba."

Ta ɗauki jakarta ta nufi inda ake binciken matafiya. Ta yi taku kamar goma na ga ta bar ɗan littafin nan nata a kan kujera. Na ɗaga shi na ce, "Ke!" Wurin cike yake da mutane da hayaniya, amma nan take ta juyo. Ta dawo ta karɓa ta sa a jaka, ta yi mini murmushi, ta tafi.

Muka shiga mota muka hau babbar hanya. Sai uwarta ta ce, tana kallon taga, "Da ka faɗa." Na ce na sani.

Yanzu shekararta biyu a can. Tana kira ranar Lahadi, ta yi doguwar hira da uwarta, sannan a miƙo mini waya. Mu gaisa da Hausa, ina wuni, ina gajiya, ya sanyi. In gaisuwa ta ƙare sai mu koma Turanci, in tambaye ta ko tana cin abinci, ita ta tambaye ni kasuwa. Ta taɓa aiko mini da hoton allon wani ƙauye da ta je, ta ce ƙarshen sunan garin da harshen masu kwalekwale ne, ma'anarsa gari ko gona, kuma yawancin masu wucewa ta gabansa kullum ba sa tunawa da haka. Kwanan baya uwarta ta gaya mini akwai wani yaro da take magana a kansa, ɗan can ne, malami a makarantarsu. Ta ce yana da hankali. 

Wani lokaci ina zaune a kwantena ina jiran direba, nakan lissafa abin da zai kai ga 'ya'yanta daga wajena. Sannu zai kai. Wataƙila tuwo da suya, wataƙila wahala, don ƙannenta ma suna sa ta a cikin Turancinsu. Masu kwalekwale sun bar ƙwai da wuƙa da taga, kuma su dubbai ne, da jiragensu. Motarta kuwa ta isa Kwatano lafiya, wani malamin asibiti daga Zinder ya saya. Dillalina ya ce mutumin ya zagaya ta sau uku bai ga inda aka buge ta ba.